Laifin Gini a Tsoffin Unguwanni: Dokar Maƙwabci, Dokar Kwamandan da Abin da Ya Faru a Cikal ta Ƙasar Kurfai

1.0 Gabatarwa

Duk shekarar da damina ta yi ƙarfi har gidaje suka zube a tsoffin unguwannin biranenmu, magana ɗaya akan ji daga ofisoshi da gidajen rediyo, ita ce mutane ba sa bin dokar gini. Haka aka yi ta faɗa bayan ambaliyar Yamai ta 2020. Haka kuma aka maimaita a 2024, shekarar da ruwa ya ci rayukan mutum sama da 300 a Nijar, ya kuma kayar da tsohon masallacin unguwar Birni a Damagaram ranar 3 ga watan Satumba. Maganar ba ƙarya ba ce. Sai dai ta tsallake wata tambaya da ya kamata mai nazarin tarihi ya fara da ita, wato wace doka ake nufi, wa ya kafa ta, kuma me ta tarar a ƙasa ranar da aka kafa ta.

A cikin wannan takarda za mu yi ƙoƙarin nuna cewa yawancin abubuwan da ake kira saɓa wa ƙa'idar gini a tsoffin unguwanni sun samo asali ne daga dokoki da aka jibga wata bisa wata, ba tare da ta baya ta dubi ta gaba ba. Abin da wannan ta wajabta, waccan ta mai da shi laifi. Mun ɗauki ƙasar Kurfai, a jihar Tilaberi, a matsayin madubi. Mai karatu na iya mamakin zaɓin, tun da Kurfai ba ta da birni mai ganuwa irin Kano ko Damagaram. Dalilinmu biyu ne. Na farko, Filinge, wadda ke bakin Dallol Boso kimanin kilomita 180 arewa maso gabas da Yamai, ta zama garin mulki ne bayan Faransawa sun kafa bariki a cikinta a farkon ƙarni na 20, don haka gari da dokar Nasara kusan tare suka girma, ana iya ganin inda suka yi karo. Na biyu, a garin Cikal, cikin ƙaramar hukumar Kurfai ta Tsakiya, aka gwada wata mafita a 1980 wadda har yanzu doka ba ta san inda za ta ajiye ta ba.

2.0 Hukuncin Maƙwabtaka

Kuskure ne a ɗauka cewa kafin zuwan Nasara kowa na ɗora laka inda ya ga dama. Malaman fiƙihun Malikiyya sun daɗe da ware babi a kan gini da haƙƙin maƙwabci. Shahararren littafi a fannin shi ne Kitab al-I'lan bi Ahkam al-Bunyan na Ibn al-Rami, wani babban magini na Tunis da ya rayu a ƙarni na 14, wanda alƙalai kan tura ya duba katangar da ake rigima a kanta. A ƙasar Hausa ma, Besim Hakim da Zubair Ahmed sun nuna a wani nazari na 2006 cewa Alƙalin Gwandu Idris ɗan Khalid ya tattara irin waɗannan hukunce-hukunce a ƙarni na 19 domin amfanin alƙalai.

Abubuwan da ake hukunci a kansu sanannu ne ga duk wanda ya tashi a cikin lungu. Akwai indararon da ke zubar da ruwan soro a gindin katangar wani. Akwai taga ko bene da ke leƙa cikin gidan maƙwabci, da ƙofar da aka fasa daidai ƙofar wani har mai shiga yana hango tsakar gida. Akwai salgar da aka gina jikin bangon da ba na mai ita ba, da hayaƙin maƙera ko warin majema a tsakiyar gidaje. Akwai kuma cin hanya, inda malamai suka auna faɗin hanyar jama'a da zira'i 7, wato abin da ya ɗan haura mita 3, gwargwadon yadda dabba mai kaya za ta wuce.

Abin lura a nan shi ne ma'aunin wannan doka cuta ce. Ba ta tambayar ko da me aka yi ginin, laka ko kara ko dutse. Ba ta kuma neman mai gini ya karɓi izini kafin ya fara. Sai maƙwabci ya yi ƙara take motsawa, kuma tana ba wanda ya riga zama fifiko a kan wanda ya zo daga baya. Idan maƙwabta sun yarda da juna, babu laifi ke nan.

Ba muna cewa waɗannan littattafai ne ke hukunci a Kurfai ta ƙarni na 19 ba, ƙasar manoma da mayaƙa inda addinin gargajiya yake da ƙarfi, kuma ɗakin kara da danga suka fi soro yawa. A can mai gari da dattawan dangi ke nuna wa mutum inda zai kafa gida. Amma hankalin iri ɗaya ne: haƙƙin gini yana fitowa daga yardar waɗanda za a zauna tare da su.

3.0 Zamanin Kwamandan

Dokar da Faransawa suka zo da ita ta juya wannan tsari. Tushenta tsoron annoba da gobara ne, da son raba mazaunin Nasara da na baƙar fata. Dokar 14 ga Afrilu 1904 kan kiyaye lafiyar jama'a a Afirka ta Yamma ta Faransa ta ba hukuma ikon shiga sha'anin gidaje da sunan tsabta. Da annoba ta ɓarke a Dakar a 1914, sai aka ƙona bukkoki, aka kwashe mazaunansu zuwa sabuwar unguwar Madina. Ingilishi ba su yi dabam ba a ƙetaren iyaka, domin tsarin garuruwa na zamanin Lugga ya tanadi fili na yadi 440 da ba a gini a cikinsa tsakanin unguwar Turawa da ta ƴan ƙasa.

A Nijar, Yamai ce ta fi nuna wannan hali bayan an mai da ita babban birni a 1926. Kwarin Gunti Yena ya zama iyaka tsakanin unguwar Nasara da ta ƴan ƙasa. Bayan gobarar 1935, wadda ta cinye bukkoki masu yawa, hukuma ta matsa wa jama'a su bar kara su koma ginin laka a filayen da aka yanka bisa layi. Mu riƙe wannan da kyau, domin za mu dawo kansa: a wancan lokaci laka ita ce bin doka, kara shi ne laifi.

Tare da dokar tsabta aka kawo dokar fili. Dokokin 24 ga Yuli 1906 da 26 ga Yuli 1932 sun kafa rajistar mallakar ƙasa, aka kuma riƙa ba talaka takardar izinin zama a fili, wadda ba mallaka ba ce. Kafin fili ya zama na mutum har abada sai ya raya shi, kuma a idon ofis raya fili yana nufin gini mai tsada da kayan da ake kira na dindindin, wato siminti da ƙarfe da kwano. Laka da kara kuwa sai aka sa su a layin kayan wucin gadi. Dokar 11 ga Yuli 1959, wadda aka yi ana jajibirin ƴancin kai, ta ci gaba da wannan hankali. Ta haka aka samu tsani mai hawa huɗu wanda har yau ƙididdigar gidaje ke amfani da shi: bukka a ƙasa, sai gidan laka, sai laka mai shafen siminti, sai gidan bulo a sama. Hasumiyar masallacin Agadas, mai tsawon mita 27, wadda aka fara ginawa a 1515 aka sabunta a 1844, a wannan tsani tana hawa na biyu ne, cikin kayan wucin gadi.

A garuruwan bariki irin su Filinge ba a bukaci dogon rubutu ba. Tsarin indijena, wanda bai faɗi ba sai 1946, ya ba kwamanda ikon ɗaure mutum na ƴan kwanaki ko ya ci shi tara ba tare da shari'a ba, kuma rashin tsabtar gida na cikin abubuwan da ake kama mutane a kai. Mutum bai san dokar daga takarda ba, daga bakin gardi ya san ta. A ganinmu wannan ya bar tabo mai zurfi: jama'a suka ɗauki dokar gini abin da ake kauce wa, ko a saye shirun mai kula da ita, maimakon abin da ke kare mutum daga maƙwabcinsa kamar da.

A Kurfai kuma rigimar farko ba a kan katanga ta tashi ba, a kan wurin zama ne. A 1925, a Cikal, wata mata mai suna Shibo ta fara hawan wasu sabbin iskoki masu kwaikwayon sojoji da hafsoshin Nasara, waɗanda aka sani da Babule ko Hauka. Mabiyanta suka yi tsayayya da Gado Namalaya, sarkin da Faransawa suka ɗora bisa Kurfai. Kwamandan Yamai, Horace Crocicchia, ya sa aka kamo su aka tsare. Kamar yadda Finn Fuglestad ya bayyana a nazarinsa na 1975, wasu daga cikinsu sun ƙaurace wa garuruwan da ke hannun sarki suka kafa nasu a daji. A al'adar Kurfayawa wannan ba sabon abu ba ne, wanda zama ya ishe shi yakan ɗebi iyalinsa ya sari sabon daji. A idon bariki kuwa gudun haraji ne da fita daga ƙidaya. Mun kawo wannan ne don a ga cewa tun daga farko tambayar inda mutum zai kafa ɗaki tambayar iko ce.

4.0 Azara da Dokar Daji

Yanzu mu koma kan laka. Soron laka ba ya tsayuwa sai da itace. Magina sun fi son azara, wadda ake tsagawa daga gangar giginya, musamman namijinta, saboda gara ba ta cinta da wuri. Inda babu giginya, kamar arewacin Dallol Boso, sai a yi da goriba ko duk itacen da ya samu. Azara ba ta ɗaukar nauyin rufi idan tazarar ta wuce kusan mita 2, shi ya sa gwanayen magina suka ƙirƙiro bakan gizo da ɗaurin guga don faɗaɗa zaure, kuma waɗannan ma azara ce ƙashinsu. Ɗaki ɗaya na cin itace mai yawa, ga na jere ga na shimfiɗa a bisa.

To, a shekarar da aka yi gobarar Yamai, a ita aka kafa dokar daji ta 4 ga Yuli 1935 ga dukkan Afirka ta Yamma ta Faransa, wadda ta hana saran wasu itatuwa sai da izini. Nijar mai ƴanci ta sabunta ta da dokar 4 ga Maris 1974, aka kuma sake wata a 2004. Cikin itatuwan da aka kare akwai giginya da goriba da gawo da tsamiya da aduwa. Babu mai musun hikimar kare su, balle bayan farin 1968 zuwa 1974 da na 1984, lokacin da dazuzzukan Kurfai suka yi mummunar raguwa. Amma a dubi halin da magidanci ya shiga. Ofishin gari ya ce ya bar kara ya yi soro. Ofishin daji ya ce kada ya taɓa itacen da soron ke bukata. Azarar halal daga kurmin giginyar Gaya take zuwa, can kudu a Dallol Mawri, kuma kafin ta iso kasuwa kuɗin mota da na takarda sun hau kanta.

Abin da ya biyo baya sananne ne. Wani ya sari goriba da dare, ya zama mai laifi a wurin ma'aikacin daji. Wani ya rufa da itacen da bai ƙosa ba ko na dogon yaro, gara ta cinye shi cikin ƴan shekaru, rufi ya rufto a watan Agusta. Wanda ya samu kuɗi daga cirani a Legas ko Abijan ko Akara ya sayi kwano, ya bi doka sarai, ya kuma samu ɗakin da ba a iya kwana a ciki a watan Afrilu.

5.0 Laifukan da Ake Gani a Yau

Idan aka zaga tsohuwar unguwa a Filinge ko Maraɗi ko Katsina, abin da aka fi cin karo da shi shi ne gini ba izini. Wannan kusan bai cancanci sunan laifi ba, domin takardar izini na bukatar shaidar mallaka da zanen gini, alhali gidan gado ba shi da ko ɗaya. An gina shi kafin a yi lotisma, magada goma ke da haƙƙi a cikinsa, kuma ba a taɓa gama shi ba: ɗa ya yi aure a ƙara ɗaki, an raba gado a ja katanga a fasa sabuwar ƙofa. Dokokin Nijar na 12 ga Afrilu 2017 kan tsara birane da na 27 ga Afrilu 2018 kan gini da mazauni an rubuta su ne da tunanin fili guda, mai shi guda, gini guda da ake farawa a gama.

Laifukan da suka fi ɓarna su ne waɗanda tsohuwar doka za ta kama nan take. Mai kuɗi ya rushe soro ya ɗora bene na bulo a cikin lungu, tagoginsa na kallon makewayin maƙwabta. Ya ɗaga daɓen gidansa da na ƙofarsa, ruwan da yake bi ta nan ya koma gindin katangar lakar da ke kusa. An faɗaɗa dakali, an fitar da shago da ramin salga cikin hanya har amalanke ba ya wucewa. An cike kududdufi an sayar da shi fili, alhali ramin da aka ɗebi ƙasar gina unguwar ne, kuma shi ke shanye ruwanta. Yawancin waɗannan da siminti aka yi su, saboda haka a tsanin ofis ci gaba ne. Talakan da katangarsa ta jiƙe ta faɗi shi ake rubutawa cikin masu gini da kayan da ba su da inganci.

Shafen siminti a kan laka ya isa a tsaya a kansa. Laka na shan danshi tana fitarwa, tana kumbura tana motsewa. Siminti ba ya yin haka. Da zarar ya tsage, ruwa ya shiga bayansa ba ya samun mafita, bango ya riƙa ruɓewa a ɓoye, waje kuwa sumul. Yaɓen gargajiya, ko na laka da ciyawa ko na makuba da ake samu daga kwasfar ɗorawa, yana bukatar sabuntawa, amma yana nuna ciwonsa a fili, mai gida ya gani ya gyara kafin ruwa ya sauka. Da aka raina yaɓen shekara, aka kuma rage daraja ga Sarkin Magina da yaransa, sai aka rasa masu duba rufi. Manyan gine-gine ma ba su tsira ba: ranar 11 ga Agusta 2023 wani sashe na masallacin Juma'a na Zariya, aikin Babban Gwani Muhammadu Durugu na shekarun 1830, ya rufto kan masallata, aka yi asarar rayuka.

Sai kuma doka ta uku ta shigo, ta kayan tarihi. Nijar ta yi tata ranar 30 ga Yuni 1997, kuma a 2013 UNESCO ta sa tsohon garin Agadas cikin abubuwan gadon duniya. A cikin wannan da'ira bulon siminti da kwano su ne abin da ake hanawa, laka ce ake nema. Ke nan abu guda, bangon laka, ya zama umurni a Yamai ta 1935, ya zama alamar rashin raya fili a ofishin mallaka, ya kuma zama wajibi a Agadas ta 2013. Wanda aka haifa cikin wannan ruɗani, idan ya ɗauki doka abin wasa, da wuya a ga baƙinsa.

6.0 Cikal, 1980

A Cikal ɗin da Shibo ta fito, a nan wata ƙungiyar Kanada mai suna ISAID take gudanar da aikin yaƙi da hamada da ake kira Tapis Vert. A 1980 ta gayyato ƙungiyar Development Workshop, wadda waɗanda suka kafa ta sun yi aiki da Hasan Fathi, maginin Masar da ya farfaɗo da rufin laka irin na Nubiya a ƙauyen Sabuwar Gurna a shekarun 1940. Abin da aka gwada shi ne rufa ɗaki da bulon laka zalla, ba azara, ba katako, ba siminti. Ana jera ƙananan bulo a kishingiɗe jikin bangon ƙarshe, layi na jingine da layi, har rufi mai siffar baka ya haɗe. Ƙubba kuwa ana zagaya ta ne da ma'aunin da aka kafe a tsakiyar ɗaki, wanda ke nuna wa magini mazaunin kowane bulo. Wannan shi aka sani da gini ba itace. Daga Cikal aka kai shi Iferwan a ƙasar Abzin, daga baya ya shiga Mali da Burkina Faso da Muritaniya.

Dabarar ta kwance ƙullin da muka bayyana a sashe na 4.0, domin mai ita bai saɓa wa ofishin daji ba, bai kuma koma bukka ba. Tana da nata sharuɗɗa masu tsauri. Rufin baka yana tura bango waje, don haka bango sai ya yi kauri, tushe ya zauna a ƙasa mai ƙarfi, a kuma kiyaye faɗin ɗaki. Indararo sai ya yi tsawo ya jefa ruwa nesa da gindin gini, yaɓen sama kuma ba a yi masa sakaci. Wanda ya kwaikwaya da ido ba tare da ya koya ba, zai iya kashe mutane. Wato a nan ne ake matuƙar bukatar ƙa'ida da mai dubawa, irin wanda zai auna kaurin bango ya hana a ɗora ƙubba a kan tushen da bai isa ba.

Masu wannan sani magina ne da aka horar, kuma suna cikin garuruwan. Ƙananan hukumomin da dokar 2002 ta ƙirƙiro, ciki har da Kurfai ta Tsakiya da Filinge, su aka ɗora wa sha'anin filaye da izinin gini, amma da ƙyar ake samun mai ilmin gini a ofisoshinsu. Muna ganin babu abin da zai hana a ba waɗannan magina matsayin da alƙalan Tunis suka ba Ibn al-Rami, su riƙa duba katanga da magudanar ruwa idan maƙwabta sun yi ƙara, shaidarsu ta zama abin karɓa a ofishin magajin gari. Kafin a kai nan sai an taɓa tsanin nan mai hawa huɗu, domin a takardar ƙididdiga ɗakin ƙubba na Cikal, ko ya shekara 40 a tsaye, layi ɗaya yake da katangar da aka ɗora jiya da itacen dogon yaro.